Awon da Aƙilu Ya Yi wa Shekara

Aƙilu ɗan Muntaka tela ne, na layin ƴan ɗinki a kasuwar Matamaye, kuma tun yana rarrafe yake ganin ana auna mutane. Alhaji zai shigo rumfa ya ɗaga hannuwa, Muntaka ya zare tef daga wuya ya zagaya masa tumbi, ya ce, "Alhaji, an ƙara fa," a yi dariya, a rubuta lamba da alli a jikin ƙyaure. To, shi Aƙilu allin nan kawai ya gada. Keken ɗinki bai taɓa shiga ransa ba. Takardar buhun siminti, bangon makewayi, murfin akwatin innarsa Lalla, duk inda ya samu fili sai ya kafa babbar mota da tayoyinta goma. Lalla ta yi duka har ta gaji ta koma sa albarka.

Da ya ci jarrabawar ƙarshe ta lakwal, wato makarantar boko, sai ya samu shiga wata makarantar koyon zayyana a Yamai. A can ma hannunsa bai ba shi kunya ba. Kujera, kwalin sabulu, haruffan allon shago, ya zana maka sai ka kai hannu za ka ɗauka. Mutum ne ya gagare shi. Duk mutumin da Aƙilu ya zana sai ya fito kamar buhun gero da aka ɗora wa hula.

Malamarsu ta zanen siffar mutum, Madam Sakina, ƴar siririya ce mai tabarau, ba ta iya ɓoye magana ba. Wata rana ta ɗaga takardarsa gaban aji.

"Ɗan Matamaye, wannan mutum ne ko turmi?"

"Mutum ne, Madam."

"To ina ƙashinsa? A kan wace ƙafa ya tsaya? Hoton waya ka kwafa, ko ƙarya nake?"

Ba ƙarya take ba. Ta jawo shi gaban allo ta sake nuna masa abin da ta nuna sau goma. Ka miƙe hannu sosai da fensir a tsaye, ka rufe ido ɗaya, ka daidaita bakin fensir da tsakar kan mutum, ka zame babban yatsa zuwa haɓarsa. Wannan shi ne kai ɗaya. Sai ka bi jikin da shi zuwa ƙasa kana ƙirgawa, bakwai da rabi ka kai diddige. A takarda kuma kada ka fara da ido ko hanci. Ka yi ƙwai a wurin kai, ka ja layin gadon baya, ka zagaye kowace gaɓa da ɗan da'ira: kafaɗa, gwiwar hannu, ƙugu, gwiwa. Nama daga baya yake zuwa.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo ta ce masa, "Mutum arba'in, masu rai, masu motsi, da idonka ba da waya ba. Sau biyu ka faɗi darasina, ba a faɗuwa sau uku a gidan nan. In ba ka kawo ba, kada ka wahalar da kanka da hawa mota."

Haka ya dawo gida da kaye, wato littafin zane mai manyan takardu, da fensir shida, da mako uku a hannunsa.

Kwana uku na farko a banza suka tafi. Maza duk cikin manyan riguna suke, ba ka ganin inda kafaɗa ta ƙare. Ya je bakin rijiya, mata suka kore shi da guga. Ya roƙi uban ya tsaya masa, Muntaka ya ce shi ba gunki ba ne, ga ɗinkin biki ya taru. Ana haka ya ji kalangu daga bayan mahauta. An gama kaka, rumbuna sun cika, mahauta sun buɗe dambe na mako guda. Aƙilu ya ce a ransa, ai ga jiki nan tsirara, ba riga ba mayafi.

Ya je da la'asar ya samu wuri a sahun gaba, ya zauna a ƙasa da kaye a cinya. Abin da ya gani bai yi kama da aji ba. Ƙarti biyu daga su sai gajeren wando da layu a ƙugu, hannun hagu a buɗe a gaba, na dama an naɗe shi da igiya har ya zama dunƙulen dutse. Suna zagaya juna a duƙe, sai ka ji tim, leɓe ya fashe, jini ya fantsamo har kan takardarsa. Wani ya tofar da haƙori ya ci gaba. Wani aka same shi a kunne, ya yi ta juyawa yana neman ƙasa. Ranar farko Aƙilu bai zana komai ba sai ƙazanta. Rana ta biyu ya daina jin tausayi ya fara gani: ashe duka daga diddige yake tasowa, ya bi ƙugu, kafin ya iso hannu. Kafin rana ta biyar yana da mutum talatin da ɗaya, kuma a karon farko a rayuwarsa suna tsaye da ƙafafunsu.

Wanda ya fi so ya zana shi ne Shekara. Mahauci ne daga wajen Dungu, baƙi, dogo, wuyansa da kansa kauri ɗaya, shekara bakwai ba wanda ya kai shi ƙasa. In ya miƙa hagu ya ja dama baya, kowace tsoka ta bayansa sai ta fito ta gaida mutane. Sai dai tsawonsa ya rikita Aƙilu. Duk lokacin da ya zana shi sai ƙafafun su yi gajarta. Ya ƙudura cewa ranar rufewa zai auna shi yadda Madam ta koya, kai bayan kai, ba gaggawa.

A nan ne fa akwai abin da Madam ba ta sani ba, shi kuma Yamai ta mantar da shi. A garin nan ana auna mai rai da tef, a gabansa, da yardarsa, ana hira. Amma a ɗauki tsinke ko kara a bi mutum da shi tun daga kai har ƙafa, shiru, ba a tambaye shi ba, wannan gawa ake yi wa. In an yi rasuwa, karan dawa ake yankowa a gwada tsawon mamaci, a kai wa masu haƙa. Kowane yaro ya taɓa ganin karan nan yana fita daga gida kafin a fito da makara.

Ranar rufewa fili ya cika har kan katanga. Aka haɗa Shekara da wani Yunus daga Icirnawa, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ba a yi zaton zai jure ko turmi ɗaya na damben ba. Turmin farko Shekara ya fasa masa gira, jini ya rufe masa ido. Na biyu ya same shi a haƙarƙari, aka ji ƙarar har wajen masu tsire. Yunus ya tanƙware amma bai taɓa ƙasa ba. Aka shiga na uku, Shekara ya tsaya cak, ya buɗe ƙafafu, yana jiran ya gama da shi. Tsayuwar da Aƙilu ke nema ke nan. Ya durƙusa a kan gwiwa, ya miƙe hannu, ya rufe ido ɗaya, ya ɗora bakin fensir a tsakar kan Shekara ya fara sauka. Ɗaya, biyu, uku, leɓensa na motsi.

Shekara ya gan shi. Ta saman kafaɗar Yunus ya hango mutum a durƙushe, ido ɗaya a rufe, yana bin sa da tsinke daga kai zuwa ƙafa yana motsa baki. Hannun hagunsa ya sauka kaɗan. Kansa ya juya kaɗan. Yunus bai san dalili ba, kuma bai tambaya ba. Ya taso tun daga ƙasa ya zuba masa a muƙamuƙi.

Ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Shekara ya tafi da baya a miƙe, ƙeyarsa ta bugi ƙasa, ƙafarsa ɗaya ta yi ta shure-shure sannan ta tsaya. Bakinsa ya koma gefe, jini na bin kunne. Kalangu ya mutu. Aka zuba masa ruwa, aka kira sunansa, ko gezau.

Marwan, ƙanen Shekara, shi ke riƙe masa ruwa a bakin fili, kuma ya ga inda idon wansa ya tafi. Ya miƙe ya nuna da yatsa.

"Ga shi can! Ɗan tela! Awon kabari ya yi masa, da idona na gani!"

Aƙilu ya buɗe baki zai ce fensir ne. Ƙafar wani ta rufe masa bakin. Daga nan bai ƙara sanin na wa ne ba. Takalmi a ciki, gwiwa a baya, wani ya fizge rigarsa ta rabu biyu, wani ya kwaɗa masa kujerar mai shayi a kafaɗa. Ya dunƙule a ƙasa ya cusa hannun dama a hammata, don ko a cikin wannan hali ya san abin da ba zai iya rasawa ba. Suka ja shi ta ƙafa, bayansa na karzar tsakuwa, har rumfar mahauta. Shekara kuwa an ɗora shi a bayan wata mota an yi asibiti da shi, ba wanda ya san ko da rai.

A rumfa Marwan ya buɗe kayen. Da a ce malaman lakwal ne suka buɗe, da sun ga aikin ɗalibi. Amma mahauta ne. Suka ga mutane ba fuska, kai kamar ƙwai an tsaga shi da layi. Suka ga da'ira a kafaɗa, da'ira a gwiwar hannu, a ƙugu, a gwiwa, daidai wuraren da wuƙa ke shiga in za a raba bijimi. Wani tsoho ya ja da baya yana salati.

"Ku duba," in ji Marwan. "Ya riga ya sassare shi a takarda. Ga ni nan ma. Ga sauran ƴan'uwanmu. Duk ya rarraba mu kamar naman watanda."

"Gaɓoɓi ne," in ji Aƙilu ta bakin da ya kumbura. "Haka ake koya mana..."

"Mu za ka koya wa gaɓa? Wane hannun ne?" in ji Marwan.

Mutum biyu suka banƙare shi, suka zaro hannun daga hammata suka shimfiɗa a kan kututturen sara, wanda ke da maiƙo da ɓurɓushin ƙashi. Marwan ya ɗauki gatari. Allah ya sa ya juya shi, da baya ya sauke. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka karye tare, da ƴar ƙara kamar an taka busasshen kara. Aƙilu ya yi ihun da bai san yana da shi ba. Marwan ya sake ɗagawa, wannan karon ya nufi babban yatsa.

"Kai, Marwan. Ajiye."

Sarkin Fawa ne, Alhaji Sani, shugaban mahautan garin, tsoho mai sanda da ba ya ɗaga murya. Bayansa ga Muntaka ya shigo da gudu, ba hula, tef na lilo a wuyansa.

"Ranka ya daɗe, ɗana ne!" in ji Muntaka. "Aikin lakwal ne, wallahi aikin lakwal ne. Ni ba na auna ku duka? Marwan, wandon da ke jikinka wa ya auna?"

"Da tef ka auna ni, Baba Muntaka, ina tsaye ina ba ka labari. Ba ka laɓe ka rufe ido ɗaya ba."

Rumfa ta ɗauka, haka ne, haka ne. Sarkin Fawa ya karɓi kayen ya juya shafi biyu uku, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya dubi Aƙilu.

"Yaro, ka ce abin nan ba ya kisa?"

"Ba ya yi, ranka ya daɗe."

"To ga ubanka. Auna shi. Yadda ka yi wa Shekara, kada ka rage komai, har zoben da kake sawa a gaɓoɓi. In ka yi, ka tafi da sauran yatsunka. In ka ƙi, mun san abin da ka sani, ni kuma zan fita in bar ka da Marwan."

Aƙilu ya dubi uban, yana jiran ya ga ya yi dariya ya gyara tsayuwa. Muntaka bai yi dariya ba. Shi ma a garin nan aka haife shi. Shi da hannunsa ya yanko karan da aka gwada mahaifinsa. Ya san ɗansa ba matsafi ba ne, amma kuma ya ji an ce Shekara ya faɗi bai tashi ba. Ya dubi gatarin da ke hannun Marwan. Sannan ya tuɓe takalmansa, Allah kaɗai ya san dalili, ya taka zuwa tsakiyar rumfa ya tsaya.

"Yi maza, Aƙilu," ya ce. "Na bar wuta a dutsen guga."

Aka sake shi, aka jefa masa fensir. Yatsu biyu sun kumbura sun karkace waje, ko iska ta taɓa su sai ya ga wuta. Ya kama fensir da ukun da suka rage. Da ya miƙe hannun sai da duhu ya gilma masa. Ya rufe ido ɗaya, ya ɗora bakin fensir a kan furfurar uban, ya fara sauka. Rumfa ta yi tsit, ƙudaje kawai ake ji. Ya ga leɓen Muntaka na motsi, ya gane kalmar shahada yake yi.

Tsawon shekara ashirin da biyu yana ganin mutumin nan, ashe bai taɓa dubansa ba. Kai bakwai ne kawai, ba rabin, keke ya cinye. Kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka. Wuyan ya miƙa gaba kamar har yanzu yana neman kafar allura. Ƙafar dama, mai taka keke, ta fi kauri, kuma a kanta ya jingina duk nauyinsa don kada a ga ɗayar na karkarwa. Aƙilu ya yi ƙwai, ya ja layin baya a tanƙware yadda yake. Da ya zo zagaye kafaɗa sai da ya dakata, sannan ya zagaye. Gwiwar hannu, ƙugu, gwiwa. Jini na bin gefen hannunsa yana shafa takarda, yana zane yana gurnani. Bai tsaya a nan ba, ya ɗora nama a kan ƙashi, ya sa riga, ya rataya tef, ya sa yatsun ƙafa da suka ƙanƙame ƙasa.

Tsohon nan mai salati ne ya fara leƙowa.

"La ilaha... wallahi Muntaka ne. Har ƙusumbin."

"Wane ƙusumbi?" in ji Muntaka daga inda yake tsaye. "Ni ba ni da ƙusumbi."

Wani ya yi dariya, ya tuna inda yake, ya haɗiye. Sarkin Fawa ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa, ya ga da'irorin na nan a ƙarƙashin riga. Ya naɗe ta ya sa a aljihu.

"Wannan tana wurina kwana bakwai. In tela ya kai, an gama magana. Sauran kuwa ba za su kwana a garin nan ba."

Marwan ya kwashi kayen ya cusa a wutar masu tsire. Mutum talatin da takwas, har da zanen Shekara guda tara, Aƙilu yana kallo suka murɗe suka yi baƙi.

Maɗori ya ja yatsun ya ɗaure su da karare, Aƙilu ya suma sau biyu, Lalla na riƙe da kansa tana tsine wa duk wanda ya taɓa cin nama. Washegari labari ya zo cewa Shekara ya farfaɗo, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, sai kunu ta tsinke. Wannan ne ya hana maganar zuwa wurin jandarma, kowane ɓangare ya ga yana da abin da ba ya so a tona. Amma kwana bakwai ɗin nan sai da aka cika su. Kowace safiya sai mahauci ya biyo ta layin ƴan ɗinki kamar hanya ce ta kawo shi.

"Baba Muntaka, an tashi lafiya?"

"Ban mutu ba. Gaida Sarki."

A rana ta huɗu mura ta kama Muntaka, ya hana kowa ya faɗa, ya dinga shiga bayan labule yana atishawa a cikin yadin mutane. Rana ta takwas Sarkin Fawa ya aiko da takardar, da ƙafar bijimi guda. Marwan bai zo ba, har yau kuma ba ya gaida su. Shekara bai ƙara shiga fili ba. Yana nan a rumfarsa yana sara, bakinsa a karkace, in ya hango Aƙilu sai ya juya baya. Aƙilu bai taɓa cewa ba shi da laifi ba. Ya san inda idon mutumin yake lokacin da dukan ya iso.

Ya hau mota zuwa Yamai da hannu a rataye da takarda ɗaya. Ya ajiye ta a teburin Madam Sakina, da tabon jini da alamar naɗi. Ta gyara tabarau ta duba.

"Arba'in na ce."

"An ƙone su, Madam."

"Wane ne wannan?"

"Babana."

"Me yake tsoro haka?"

"Ni."

Ta ɗago ta dubi fuskarsa, ta dubi karan da ke hannunsa. Ba ta tambayi labari ba. Ta jawo farar takarda ta tura masa, ta ɗora fensir a kai.

"Ja mini layi ɗaya, daga sama har ƙasa."

Ya kama da yatsu uku ya ja. Zufa ta karyo masa kafin ya kai rabi, layin ya ɗan yi rawa a tsakiya, amma ya kai ƙasa.

"Zai yi," ta ce. "Saura talatin da tara, kafin hutun gaba. Je ka zauna, kana tare mini haske."